Gudu a cikin gari da tuƙi cikin maye: wa ya taɓa gani da idonsa?

Direban Dare:
Sallama, jama'a. Makon jiya wata takarda ta iso ni ta gidan waya, an ce kyamara ta kama motata ina gudun kilomita 41 a titin da aka ƙayyade 30. Tasi nake ja a Paris, kuma tun watan Agustan 2021 aka mayar da yawancin titunan birnin 30. Na biya tarar, amma raina bai so ba. Wallahi a 41 ji nake kamar tafiyar hawainiya nake yi. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ko ya ga yadda ake yi da masu tuƙi a buge a inda yake zaune, ya ba mu labari.

Malamin Tuƙi:
Ɗan'uwa, jin da kake yi a kan kujera shi ne matsalar. Ga abin da nake yi wa ɗalibaina a fili. Nakan sa ɗalibi ya taho da 30, in na ɗaga hannu ya taka burki, in ajiye kwali daidai inda hancin motar ya tsaya. Yakan kama wajen mita 13 in ƙasa a bushe take. Sai in ce ya koma ya taho da 50, in ɗaga hannu a wuri guda. Har yau ban ga wanda bai yi ciki da kwalin ba. Tsakanin ido ya gani da ƙafa ta isa burki akwai kamar daƙiƙa ɗaya, kuma a daƙiƙa ɗayan nan mai gudun 30 ya ci mita 8 da ɗoriya, mai gudun 50 kuwa ya kusa cin 14. Wato inda na farko ya tsaya cak, na biyu bai ma fara rage gudu ba. Wata ɗaliba ta fito ta ɗauki kwalin da ya lotse, ta jima tana jujjuya shi ba ta ce uffan ba.

Anti Nas:
Malam, kwalinka mu ake kawo wa. Shekara tara na yi a sashen gaggawa. Babba in mota ta buge shi, a ƙafafu take samunsa, ya faɗa kan bonet. Yaro kuwa tsayinsa daidai yake da gaban mota, ƙirji da kai ne ke amsar dukan. Shi kuma direban da ya sha, in an kawo shi a ɗebi jininsa, kalma ɗaya ce a bakinsu duka: "Kwalba biyu kacal na sha, garau nake." Gaskiya yake faɗa a ganinsa, domin barasa takan fara taɓa ɓangaren da mutum ke auna kansa da shi tun kafin ta taɓa tafiyarsa.

Ɗan Kamfani:
Ni abin da ya faru da abokin aikina a Jamus ne ya buɗe min ido, don ban taɓa sanin ana kama mutum da safe ba. An yi walimar ƙarshen shekara, ya sha har biyun dare, ya bar motarsa ya hau tasi, ka ga ai ya yi hankali. Ƙarfe bakwai ya tashi, ya yi wanka da ruwan sanyi, ya kora kofi biyu, ya je ya ɗauki motar. A shataletale na biyu 'yan sanda suka tsayar da shi, ba don wani laifi ba, fitilar bayansa ce ta mutu. Jami'in ya ji wari, ya miƙa masa na'urar busawa. Ta nuna 0.6, iyakar barasa a jini da doka ta sa kuwa 0.5 ce a cikin dubu. Yuro 500, wata guda ba tuƙi, da makin laifi biyu a rajistar direbobi.

Ya yi ta rantsuwa ya yi barci. Barcin ba ruwansa da lamarin. Hanta ce ke aikin, kuma abin da take ragewa bai wuce 0.1 zuwa 0.15 a awa ba, kofi da wanka ba sa ƙara mata sauri. Ya ci sa'a ma. Da ya kai 1.1 ya zama babban laifi na kotu, daga 1.6 kuwa sai ya ci gwajin likita da na masanin halayyar ɗan Adam kafin ya sake ganin lasisi. Ko a keke aka kama ka da 1.6 ba ka tsira ba. Wata guda ni nake biyawa in ɗauko shi, kullum zancen ke nan a mota har na haddace.

Mai Babbar Mota:
Kan mashaya ba ni da ja, a ƙwace lasisin. Amma Malam, ka yi haƙuri, batun gudu ba duka na yarda ba. Lokacin da Wales ta mayar da iyakar gudu a titunan unguwa mil 20 a awa a watan Satumban 2023 ina cikin masu kai kaya can. Gaban makaranta, na yarda. Amma titi mai faɗi, ukun dare, ko kare babu, idona na kan maleji maimakon hanya? Sama da mutum 400,000 suka sa hannu a takardar ƙorafi, daga baya aka bai wa ƙananan hukumomi damar mayar da wasu titunan mil 30. Wani abin mamakin kuma, a Ingila iyakar barasa 0.8 ce, kana tsallakawa Scotland ta koma 0.5 tun Disambar 2014. Mutum ɗaya, kofin giya ɗaya, a nan halal a doka, can gaba kaɗan mai laifi.

Malamin Tuƙi:
Alhaji, a nan muna tare. Titin da aka shimfiɗa kamar filin jirgi, allo kaɗai ba ya rage masa gudu. Sai an matse shi, an ɗaga wurin tsallakawa, ƙafar direba ta sauka da kanta.

'Yar Karatu:
Yayyena, ku ji na Japan. Iyakarsu 0.3 ce, kuma tun 2007 ba direba kaɗai ake hukuntawa ba. Wanda ya ba shi aron mota, wanda ya zuba masa, da wanda ya shiga motar alhali ya san ya sha, kowa na da rabonsa. Wata rana bayan cin abincin dare wani ɗan ajinmu ya ce zai sauke ni, giya ɗaya ya sha. Kafin in buɗe baki mai gidan abincin ta riƙe hannun rigata, ta kira waya. Sai ga mutum biyu a ƙaramar mota, ɗaya ya karɓi makullin ya tuƙa mu a motar ɗan ajin namu, ɗayan na biye da mu don ya mayar da abokin aikinsa. Sana'a ce guda a can, daiko suke ce mata.

Direban Dare:
Na gode, jama'a. Malam, jiya na gwada wani abu. Akwai hanyar da na saba bi daga tashar jirgin ƙasa, kilomita biyar. Na riƙe 30 ban ƙara ba, na duba agogo: minti biyu na ƙara a kan yadda na saba, sauran duk danja ce ke cinyewa dama. Wani mai farar mota ya wuce ni da hon sau uku, sau uku ina tarar da shi a jar wuta. Fasinjana dai bai ji daɗi ba, ya sauka ko sai an jima bai ce min ba. Anti, ina da tambaya: wanda nake ɗauka da dare yana tangaɗi, ya ce in kai shi inda ya ajiye motarsa ba gida ba, me kike ganin zan ce masa?