Yaro zai shiga SS2: ajin hutu ne ko kuwa?

Baban Khalifa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Malamai da iyayen da ke nan, ina neman haske. Yaro zai shiga SS2 a makarantar kwana nan Zariya. Ana ta cewa wai wannan ajin na shan iska ne, sai an shiga SS3 ake ɗaura ɗamara. Haka abin yake? Sannan in aka ba shi muƙamin firifet, a bar shi ya karɓa ko a hana?

Malam na Kongo:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Wanda ya faɗi haka bai duba kalandar makaranta ba. SS3 zango biyu ne kacal na karatu, domin JAMB da WAEC suna shigowa wajen Afrilu da Mayu, NECO ta biyo baya a Yuni da Yuli. Ke nan SS2 ce cikakkiyar shekara ta ƙarshe da malami zai koyar a natse. Abin da ya wuce yaro a nan, da wuya a sake komawa kansa.

Akwai kuma makin gwajin aji. Makaranta tana tura wa WAEC makin kowane ɗalibi tun daga SS1, kuma yana shiga cikin sakamakon ƙarshe. Shi ya sa sauya wa yaro makaranta a SS3 yake kawo rikici, sabuwar makarantar ba ta da tarihin makinsa. In za a sauya, yanzu ne lokaci.

Abin da ya fi cin mutane shi ne suna. Ku ɗauko takardar haihuwa, da takardar NIN, da rajistar makaranta, ku jera su. In wata ta ce Muhammad, wata Mohammed, wata kuma Muh'd, ko sunan mahaifi ya koma gaba a guda, ko ranar haihuwa ta bambanta, a gyara bana. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma abin da ke cikin NIN ɗin shi za ta ɗauka, harafi da harafi. Gyaran ba ya ƙarewa a mako ɗaya, kuma a watan rajista layin ya fi na gidan mai.

Malama Uwar Ɗalibai:
Ni kan firifet zan yi magana. A al'ada, da zarar 'yan SS3 sun shiga jarrabawa a zango na uku, sai a miƙa ragama ga 'yan SS2 a matsayin riƙo, a tabbatar da su in an dawo sabuwar shekara. Kada a hana shi, Alhaji, amma a tambayi wane muƙami ne. Mai kula da laburare, ko ɗakin gwaje-gwaje, ko masallaci, aikinsa bai cin lokacin karatu sosai. Mai kula da abinci da mai kula da shara su ne abin tausayi: su ke fara tashi, su ke ƙarshen barin ɗakin cin abinci, sau da yawa darasin farko ya wuce su. Mai buga ƙararrawa kuwa kullum hankalinsa rabi a allo, rabi a agogo.

Inda ake samun matsala shi ne ramuwa. Yaron da ya sha wankin kayan siniya da ɗebo ruwa tun JS1, rana ɗaya a ba shi iko, sai ya huce a kan ƙanana. Dukan jiniya kan jawo dakatarwa ko kora, kuma kora a ƙarshen SS2 ita ce ainihin sauyin makarantar da Malam ya yi gargaɗi a kai. A gaya masa tun a gida: nasa rubuta suna ya kai wa malamin gida, ba ɗaukar bulala ba.

Wasannin gidaje ma a wuyan 'yan SS2 suke, su ne 'yan gudu, su ne masu horar da 'yan fareti. A tsofaffin makarantu irin Barewa, inda gidajen kwana ke ɗauke da sunaye kamar Lugard da Nagwamatse, kishin gida ba wasa ba ne. Mako biyu ko uku na atisaye kan cinye karatun yamma gaba ɗaya.

Injiniya Samaru:
Ƙari a kan na Malam: a duba darussan da yake ɗauka da abin da yake so ya karanta. Likitanci a JAMB Turanci ne da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Injiniya, Lissafi ya maye gurbin Bayoloji. Mai son lauya in bai ɗauki Adabin Turanci ba tun yanzu, ya rufe wa kansa ƙofa. Kiredit biyar ake nema, har da Turanci da Lissafi, kuma kiredit daga C6 yake zuwa sama. D7 ba ta shiga lissafi.

In ɗan kimiyya ne, a tambaye shi ko ya taɓa riƙe buret, wato dogon bututun gilashi mai famfo da ake auna ruwan sinadari da shi a gwajin Kemistiri, da hannunsa. Yara da yawa sai ranar jarrabawa suke fara ganinta, sai a bar kumfar iska a bakin famfon, ko a karanta ma'auni daga sama maimakon daidai ido, alƙaluman su ƙi haɗuwa.

Baban Khalifa, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To ya batun zana GCE, wato jarrabawar WAEC ta masu zana wa kansu a wajen makaranta, tun yana SS2? Abokansa sun fara maganar.

Malam na Kongo:
Tana cire tsoron zauren jarrabawa, wannan gaskiya ne. Amma yaron da ya samo kiredit biyar da wuri yakan saki jiki a SS3, kuma jami'a ba ta ɗaukar wanda bai cika shekara 16 ba. In kuɗin ɗaya ne a hannu, Alhaji, a saya masa tambayoyin baya na shekara goma, a samo mai duba masa Lissafi a dogon hutu.