Rabon tallafi a birnin tashar jiragen ruwa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. A birnin tashar jiragen ruwa, inda ƙabilu da addinai dabam-dabam ke zaune tare, ta yaya ƙungiyar agaji za ta raba tallafi ba tare da wani ɓangare ya ga an ware shi ba?

Malam Sani: Wa'alaikumus salam. A duba buƙata tukuna, sannan a sa wakilin kowace al'umma cikin kwamitin rabo, domin baƙon da bai iya harshen gari ba yakan ji nauyin roƙo.

Hajiya Binta: Haka ne, Malam. Kada kuma a manta da matuƙan da masu jirage kan yasar a tasha ba albashi. Ƙungiyar Mission to Seafarers, wadda aka kafa a Ingila a 1856, tana kula da irinsu.