Koyon aiki a sashen kwamfuta na banki: me zan tarar?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum. An ɗauke ni SIWES, wato koyon aiki na ɗalibai, na wata 6 a wani babban banki. Wane aiki ake fara ba sabon shiga?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Teburin karɓar koke za a ajiye ka: buɗe asusun ma'aikacin da ya kulle a Active Directory (manhajar da ke riƙe da asusun shiga kwamfuta na ma'aikata), firintar da ta ƙi aiki, kwamfutar kashiya da ta rasa netwok. Wannan na ƙarshe shi ya fi gaggawa, don layi na taruwa. Fara duba waya da fitilar ramin da aka soka ta, sannan ka buga umarnin ipconfig, wanda ke nuna adireshin kwamfutar a netwok. In adireshin ya fara da 169.254, kwamfutar ba ta samu amsa daga DHCP, mai raba wa kwamfutoci adireshi, ba ke nan, sai ka gwada wani rami a suwici, akwatin da wayoyin netwok ke haɗuwa. Wayar netwok ta Cat6 kuma kada ta wuce mita 100.

Yaya Mai Tsaro:
Ka kula sosai da kiran waya. Kada ka sake wa kowa kalmar sirri sai da tikiti (koken da aka shigar a rubuce) da tantancewa, ko da ya ce shi manaja ne, ta nan 'yan damfara suke shigowa. Filashinka ka bar shi a gida. In za ka tashi, danna maɓallin Windows da L ka kulle kwamfutar, domin duk abin da aka yi da asusunka sunanka zai fito a rajista.

Tsohon Hannu:
Haka ne. Saba kuma, wato babbar kwamfutar da sauran suka dogara da ita, ba a taɓa ta sai da izinin canji a rubuce, da kwafin ajiya da aka gwada dawo da shi.