In an rushe tsohon dam, kifi zai dawo? Kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani

Daga Ringim, mai buɗe zance:
Assalamu alaikum. A Amurka akwai wani kogi, Klamath, tsakanin jihar Oregon da Kalifoniya. An rushe dam huɗu da ke kansa, aka kammala a Oktoban 2024. Ba a ɗauki makonni ba sai ga kifin da suke kira salmon ya hauro inda ya fi shekara 100 bai taka ba. Tun da na ji labarin nan nake tunanin gulbinmu. Mahaifina masunci ne, amma ni bayan an gama dam ɗin Tiga a 1974 aka haife ni, ban san kogin Haɗejiya na da ba sai a bakin manya. Ina roƙon wanda ya rayu da ruwan nan, sama da dam ko ƙasa da shi, ya ba mu abin da ya gani da idonsa. Jita-jita mu ajiye ta.

Daga Guri, jika ne ke rubuta wa kakansa:
Wa alaikumus salam. Kaka ya ce in rubuta yadda ya faɗa. Ya ce: Yaro, da can ruwa yana da lokacin zuwa, yana da lokacin tafiya. Damina ta yi nisa, wajen Agusta, sai gulbi ya tumbatsa ya bazu cikin fadama. Daren farko da sabon ruwa ya shiga ciyawa ba ma barci, don kana jin tarwaɗa tana faca-faca a ruwan da bai kai gwiwa ba, ƙwai ta zo saki. 'Ya'yan a cikin ciyawar nan suke girma, babu babban kifin da zai cim musu. Bayan kaka ruwa ya ja, kifi ya taru a tafkuna, Sarkin Ruwa ya sa doka, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar da aka buɗe. Ranar su kuwa gari kaf ake fita, kowa da gorarsa da komarsa. Bargi, ƙurungu, kawara, ragon ruwa, har giwan ruwan da sai mutum biyu sun kama. Da bazara gulbi ya ƙafe, yashi fari tas, mu tona mu sha. Da aka toshe Tiga ambaliyar ta rage. Da aka ƙara dam ɗin Challawa a 1992 kuma sai ruwan ya daina ƙafewa, rani da damina yana nan kwance, ba ya cika ba ya bushewa. Irin ruwan da kacala, doguwar ciyawar nan mai toshe hanyar ruwa, ke so ke nan. Yau a hanyar ruwan Marma akwai inda na saba wucewa da jirgi, yanzu ko sanda ka tura ba za ta shige ba. Birgi, ragar da muke jefawa, ba ya buɗewa a cikin kacala. Ni ban ce a fasa dam ba. Na ce wanda ke riƙe da makullin ruwa ya san kifi ma yana da kalandarsa.

Daga Kura:
Baba, Allah ya ƙara girma, na ji maganarka kuma ta shige ni. Amma ɗan'uwa na Ringim, kada mu ɗauko hular wani mu ɗora wa kanmu. Dam ɗin Klamath huɗun nan na wutar lantarki ne, ba su suke shayar da gonaki ba, shi ya sa aka iya rabuwa da su. Namu fa? Kakana gero da dawa yake nomawa sau ɗaya a shekara, in rani ya yi ya tafi ci-rani. Ni a gonar nan tasa nake shinkafa da damina, in bi da alkama ko tumatir, duk da ruwan Tiga da ke biyo magudanar Kadawa. Ku je Kwanar Gafan lokacin tumatir ku ƙirga motoci. Ruwan famfon birnin Kano da ake tacewa a Tamburawa, daga ina yake? Duk wanda ya ce a taɓa Tiga, tuwon gidana ya taɓa.

Daga Tiga, mai suyar kifi:
Ni a bakin dam na tashi, a kaskon mahaifiyata na koyi sana'a. Baƙi su ne cinikinmu. Da sallah matasa su ciko motoci daga Kano da Zariya, su hau kwale-kwale, su ɗauki hoto ta wajen dutsen Rock Castle, su zo su zauna a bencina. 'Yan makaranta ma ana kawo su. In babu tafkin nan wa zai zo? Sai dai gaskiya ɗaya ce, ko a nan sama kifin ya ƙanƙance. Karfasar da Inna take yankawa gida uku, yanzu irinta sai a yi sati ban gani ba. Jiya aka kawo mini kwando, da na zuba a tire duk ba wadda ta wuce tafin hannuna, wasu kamar ɗan yatsa. Na tambayi yaron da me ya kama, ya sunkuyar da kai. Na san gidan sauro ne. Wannan ba dam ya yi mana ba, mu muka yi wa kanmu.

Daga Bebeji:
Hajiya, gaskiya kika faɗa. Ni abin da zan ƙara na dam ɗin Bagauda ne. Ina saurayi a Agustan 1988 da ya ɓalle bayan ruwan sama mai yawa. Ƙarar na fara ji, kamar jirgin ƙasa, kafin in ga komai. Da gari ya waye gonar dawarmu babu ita, yashi ne malale da itatuwan da ruwa ya tumɓuke, awakin maƙwabcinmu a sarƙe cikin reshe. An gyara dam ɗin daga baya, otal ɗin bakin tafkin ma yanzu makarantar horar da lauyoyi ce. Da na ga hotunan Maiduguri a Satumban 2024 bayan dam ɗin Alau ya ɓalle, kasa cin abinci na yi. Su Amurka da hannunsu suka zuƙe ruwan a hankali kafin su rushe. Mu tsakar dare ya zo mana.

Daga wani ƙauye a ƙasar Dutse:
Kawu na Bebeji, maganarka ce ke hana ni barci. Mu ba babban dam gare mu ba, ƙarami ne na ƙasa, tun ina yaro yake. Laka ta cinye shi, kafin azumin bara tsakiyarsa ma sai da shanu suka taka. Kifin da ya rage gaiwa ce da 'yan tarwaɗa. Bishiyoyi sun fito a jikin gaɓar da aka tara, gara ta yi shuri, akwai kuma wani wuri a gindinta ta waje da kullum yake jiƙe ko da rani, har ciyawa ta yi kore shar. Gidaje suna ƙasa da shi, har da namu. Mun kai kuka ba sau ɗaya ba, aka zo aka duba aka tafi. Irin namu nake ganin ya kamata a zauna a kansa: ko a yashe a gyara, ko a yanka shi da rani rafin ya koma hanyarsa. Wasu dattawanmu ba sa son jin na biyun saboda mashayar dabbobi, kuma ina ganin uzurinsu.

Daga Kirikasamma, malamin makaranta:
Baba na Guri ya gama magana, ni tsuntsaye kawai zan ƙara. Dausayin Baturiya yana cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayi masu muhimmanci na duniya, tun 2008. Da sanyi tsuntsaye suna zuwa mana daga Turai, su haɗu da kirinjijiya da dinya da zalɓe na gida. Na taɓa raka wasu baƙi masu madubin hange, ɗayansu ya miƙa mini ya ce in duba ƙafar wata 'yar tsuntsuwa, sai ga zobe an sa mata a wata ƙasa. Ranar mai jirgi ya samu, mai shayi ya samu, yaran da suka ɗauki kaya suka samu. Tsuntsayen nan ruwa marar zurfi suke so, da laka a fili inda ambaliya ta ja. Inda kacala ta rufe ba sa sauka. Jan-baki ne ke kwana a ciki, da safe ya faɗa wa shinkafar mutane. Ɗalibaina da yawa ba sa zuwa aji lokacin nunar shinkafa, suna gona suna kaɗa gwangwani.

Daga Guri kuma:
Na karanta wa Kaka duka. Ya ce a gaya wa ɗansa na Kura ba ya nufin tuwonsa da sharri, shi ma shinkafar Kura yake ci. Roƙonsa biyu ne. A sako ruwa da ƙarfi a Agusta yadda zai hau fadama kifi ya haihu, da sanarwa tun da wuri don masu gonar bakin gulbi, kada a maimaita irin wahalar ambaliyar 2022. Sannan da rani a bar gulbi ya sha rana ko na wata biyu ne, kacala ta bushe su sa mata wuta.

Daga Kura kuma:
Baba, na gode. Zan faɗi abin da ban faɗa ba ɗazu. Wani ɓangare na ruwan da ke kwance muku da rani ragowar namu ne. Na sha ganin an buɗe wa gona ruwa da yamma an tafi gida, ya kwana yana malala ya faɗa magudana ya koma kogi. Ni ma na yi, ban taɓa tunanin inda yake ƙarewa ba. Zan ɗauko maganar a taron ƙungiyarmu ta masu ban-ruwa. In na gama girbi kuma ina so in zo Guri in ga kacalar nan da idona. Ɗan'uwa, tambayar mini Kaka ko akwai jirgin da zai iya kai ni bakin Marma, da kuma wace rana ce ta fi masa.