Syndrome post-polio, me za mu ce masa da Hausa?

Salamu alaikum jama'a, kalma nake nema. Kawuna tela ne nan Garwa ta Kamaru, shan inna ya taɓa masa ƙafar hagu tun yana ɗan shekara 3, a haka ya girma ya tara iyali yana taka keken ɗinki da ta dama. Yanzu ya haura 50 sai ga mai lafiyar ma tana neman sakinsa, ga gajiya ba gaira ba dalili, ga ciwon gaɓoɓi, sanyin hunturu kuwa ba a magana. Likita ya rubuta syndrome post-polio a karne, wato littafin asibiti, kawu ya ce to ɗan boko fassara min, na tsaya inda-inda.

Da na fara jefo tambayar nan wasunku sun kawo sunaye, bari in bi su ɗaya-ɗaya. Malam daga Marwa, na ga ka ce "dawowar shan inna". Gafarta Malam, nan kam ban bi ka ba. Cutar ba dawowa ta yi ba, ba kuma a ɗaukarta, in muka ce dawowa gobe za a fara janye jikoki daga jikinsa. Tun 2020 ma aka tabbatar ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Afirka. Abin da ke faruwa, tun farko cutar ta kashe wasu jijiyoyin laka masu motsa tsoka, waɗanda suka tsira suka yi rassa suka ɗauki aikin matattun a kan nasu, shekara 15 har 40, wani lokaci ma fiye, suna dakon kayan da ya fi ƙarfinsu, ƙarshe su ma su fara sarewa.

Hajiya, "bashin Inna" ɗin nan naki wallahi ya yi daɗi a baki, har na kusa cewa shi kenan. Amma kin san mutanenmu, da an ce Inna na bin bashi sai gidan masu bori da baƙar akuya.

Wanda ya kawo "raunin bayan shan inna", ma'ana ta fita, sai dai na gwada wa kawu ya ce shi bayansa lafiya lau.

Ni dai na tsaya kan "gajiyar shan inna". Na san wani zai ji kamar ana nufin lalaci, amma ita ce ke faɗa wa mai ita abin yi: aiki kaɗan hutu kaɗan, motsa jikin da ba ya kai ga galabaita, kula da ƙiba, sanda ko takalmin ƙarfe ko keken guragu in ya kama ba kunya, in numfashi ko haɗiya ya fara wuya a koma asibiti. Kawu ya karɓi sunan, sandar ce har yanzu muke ja da shi.