Maƙwabcina a jirgin ruwa yana shan taba a baranda, na kai ƙararsa: shin na kyauta?

Mazaunin Manchesta ya rubuta:

Assalamu alaikum. Akwai wata magana da ta tsaya mini a rai tun da muka dawo daga tafiya, kuma ina so waɗanda suka fi ni sanin zaman jirgin ruwa su faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. A lokacin zafin da ya wuce na ɗauki mahaifiyata da iyalina muka shiga ɗaya daga cikin manyan jiragen nan na yawon shaƙatawa, tafiyar kwana 7 wadda ta tashi daga Basalona ta zaga gaɓar Faransa da Italiya. Hajiya ta daɗe tana fama da ciwon fuka, shi ya sa na ƙara kuɗi na kama mata ɗaki mai baranda, domin ta riƙa zama tana shan iskar teku ba tare da ta shiga cunkoson jama'a ba.

Kwanan farko lafiya lau. A rana ta biyu, bayan sallar asuba, tana zaune a barandar da carbinta, sai warin taba ya taso mata daga ɗakin da ke gaba da nata. Shingen da ke raba barandun bai kai ƙasa ba, don haka da na leƙa ta ƙarƙashinsa ina iya ganin silifas ɗin mutumin da kofin da yake kaɗe toka a ciki. Ta koma ɗaki tana tari, sai da ta yi amfani da maganinta na shaƙa sannan ƙirjinta ya sake ta. Abin ya maimaitu da la'asar, ya kuma maimaitu da dare, alhali takardar da aka ajiye a kowane ɗaki ta bayyana ƙarara cewa an hana shan taba a baranda. Sau biyu ina zuwa bakin ƙofarsa, na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, sai na fasa, domin ban san da wace fuska zai tarbe ni ba. A rana ta uku na sauka teburin karɓar baƙi na kai ƙara, kuma daga ranar ba mu sake jin warin ba.

Abin da ya dame ni shi ne, daga baya na gane ko wane ne mutumin. Wani dattijon Bature ne mai dogara sanda, wanda a ranar da muka shiga jirgi shi ya riƙe wa Hajiya ƙofar lif har ta shiga. Bayan ƙarar, duk lokacin da muka haɗu a lungun ɗakuna sai ya kawar da kai. Da na ba Hajiya labari, ita da na yi domin ta, sai ta ce mini, "Ai da ka fara yi masa magana, ba a fara maƙwabci da hukuma." Shin na kyauta, ko kuwa na yi gaggawa?

Tsohon Ma'aikacin Teku ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, na yi shekara 6 ina aikin gyaran ɗakuna a irin waɗannan jirage, kuma a ganina ba ka yi laifi ba. Ina girmama maganar Hajiya, domin tarbiyyar da aka yi mana ke nan, amma baranda a tsakiyar teku ba zauren gida ba ce, kuma dokar da mutumin ya karya ba don wari kaɗai aka kafa ta ba. Wuta ce asalin maganar.

A daren 23 ga Maris 2006, jirgin Star Princess yana kan hanyarsa daga tsibirin Grand Cayman zuwa Montego Bay a Jamaika, ɗauke da fasinjoji 2,690, wuta ta tashi a wata baranda da misalin ƙarfe 3 na dare. Hukumar binciken haɗurran jiragen ruwa ta Birtaniya ta ce abin da ya fi yiwuwa shi ne guntun sigari da wani ya yar, ya faɗa kan abin da ke kama wuta, ya yi ta ci a hankali kusan minti 20 kafin harshen wuta ya bayyana. Kujerun barandun da shingayensu na roba ne, ga iska mai ƙarfi saboda jirgin yana tafiya, don haka cikin 'yan mintuna wutar ta haye hawa uku. Mutum ɗaya ya rasu, wasu 13 suka jikkata saboda shaƙar hayaƙi, ɗakuna 79 suka lalace baki ɗaya, wasu 218 kuma suka taɓu. Bayan wannan ne Hukumar Jiragen Ruwa ta Duniya ta gyara ƙa'idojin kayan da ake gina baranda da su, kuma gyaran ya fara aiki a 2008. A jiragen da na yi aiki, akan ba ma'aikata wannan labari a horon kashe gobara, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da fasinja ba ya lura da shi shi ne, guntun da ya jefa teku ba lallai ne ya kai ruwa ba. Iskar da ke bin jikin jirgi tana dawo da shi, ya sauka a barandar wani a ƙasa ko a baya, inda wataƙila an shanya tawul a kan kujera. Ni da hannuna na sha tsintar guntayen sigari a barandun mutanen da ba su taɓa shan taba ba. Kamfanonin jirage na Amurka sun ɗauki lokaci kafin su hana: Princess ta hana shan taba a baranda a 2012, Royal Caribbean da Carnival da Norwegian suka biyo baya a 2014, Holland America kuma a 2017. Wasu na Turai, irin su Costa da AIDA, sun ci gaba da barin sha a baranda bayan na Amurka sun hana, shi ya sa mutum zai iya sabawa da wani jirgi ya shigo wani da tsohon halinsa. Inda aka hana kuwa, akan caji wanda aka kama dala 250 zuwa 500 da sunan kuɗin tsaftace ɗaki, kuma idan ya ƙi ji kyaftin yana da ikon sauke shi a tasha ta gaba. A mafi yawan lokuta, karon farko gargaɗi kawai ake yi. Mu ma'aikata mun fi son a gaya mana, domin mun ga yadda magana tsakanin fasinja da fasinja, musamman da dare bayan wasu sun sha giya, take rikiɗewa ta zama rigima.

Dattijon Hambug ya amsa:

Ɗana, ni mashayin taba ne, na haura shekara 30 ina sha, kuma ba na alfahari da hakan, amma tunda kowa zai yi magana a kan mutumin, ya kamata a ji daga bakin wanda ya san halin da yake ciki. Da farko, ya karya doka, kuma ya cutar da Hajiya. Wannan ba abin musu ba ne. Inda na rabu da ɗan'uwana ma'aikaci shi ne batun ƙwanƙwasa ƙofa, domin ina ganin mahaifiyarka ta fi ku gaskiya.

Mai shan taba ba ya jin warin tabarsa. Hancinsa ya riga ya saba, kuma idan ya ga hayaƙin ya fita ya bi iska, a ransa ya ɗauka teku ta haɗiye shi, bai san cewa ya lanƙwasa ya shiga barandar da ke bayansa ba. Mutumin da ya riƙe wa tsohuwa ƙofar lif, ina kyautata zaton da ka tsaya gabansa ka ce masa wannan tsohuwar ce take tari saboda tabarsa, da kunya kaɗai ta ishe shi. Abin da ya sa yake kawar da kai, a fahimtata, ba gargaɗin da aka yi masa ba ne, ganin da ya yi ne cewa kana wuce shi kullum kana gaishe shi amma ba ka ɗauke shi mutumin da za a iya yi wa magana ba.

Sannan a dubi inda ake tura mu. A jiragen da na shiga, wurin da aka ware wa mashaya yakan kasance a gefe ɗaya na hawan sama, kusa da wurin ninƙaya, kuma waɗannan jirage tsawonsu yakan haura mita 300. Tsoho mai sanda, da sanyin asuba, sai ya yi tafiya mai nisa ya hau lif kafin ya isa. Ba hujja nake kafa masa ba, ina bayyana abin da ke jan mutum ne. Kuma a wannan ɗan wurin da aka bar mana, na sha ganin wanda ba ya sha ya zo ya zauna saboda akwai inuwa, ya riƙa fifita da hannu yana yamutsa fuska, alhali duk sauran jirgin nasa ne. Ladabi ai ta ɓangare biyu yake tafiya. Ni idan zan kunna, nakan dubi inda iska take kaɗawa, in ga ko akwai yaro ko mai ciki a kusa, in kashe guntuna a mazubin toka, kuma ina sa ran wanda ya same ni a wurina ya yi mini uzuri.

Kamfanonin su ma suna da nasu kason. Carnival ta taɓa fito da jirgin Paradise a 1998 wanda aka hana taba a cikinsa kwata-kwata, amma a 2004 aka janye hanin. Har yau a jirage da yawa an hana mutum sha a barandarsa a sarari, amma an bar shi ya sha a gidan caca da ke rufe, saboda ba a so mai caca ya tashi daga kujera. Wannan lissafin kuɗi ne, kuma shi ke haɗa fasinjoji faɗa da juna.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, na ji daɗin gaskiyar da ka faɗa, kuma maganarka ta gidan caca haka take, domin waɗanda suka fi kowa shaƙar wannan hayaƙi su ne ma'aikatan da ke tsaye a wurin sa'o'i da yawa kowace rana ba da zaɓinsu ba. Amma akwai abin da nake so kada ya ɓace a wannan tattaunawa: ga mai fuka, hayaƙin taba ba wari ne mara daɗi kawai ba. Yana sa hanyoyin numfashi su kumbura su tsuke, kuma a jikin tsohuwa ƙaramin tari na asuba yana iya zama abin da zai kai ta ga buƙatar iskar oksijin kafin rana ta faɗi. A jirgi akwai ɗakin shan magani da likita, amma ba asibiti ba ne, kuma idan abu ya ta'azzara a ranar da ake tsakiyar teku, fitar da majiyyaci babban aiki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin hayaƙin tabar wani da za a ce ba ya cutarwa, kuma sama da mutum miliyan 1 da ba sa shan taba suke mutuwa kowace shekara saboda shaƙar hayaƙin wasu.

Haƙƙin maƙwabtaka da Hajiya take nufi yana kan mutumin kafin ya hau kan ɗanta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda ya ci tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci saboda kada ya cutar da mutane da wari, alhali abinci ne halal. Idan haka ne a kan wari kaɗai, mai hayaƙi ne ya kamata ya fara tunanin wanda ke bayan shinge.

Malam, ni abin da zan ce ka yi kuskure a kai shi ne jinkiri. Ka bari mahaifiyarka ta shaƙa yini guda cur kana kai-kawo a bakin ƙofa. Da tun safiyar farko ka rubuta 'yar takarda mai ladabi ka zura masa ta ƙarƙashin ƙofa, ka ce akwai tsohuwa mai fuka a ɗakin da ke kusa, da ka sauke haƙƙin da Hajiya da Baba suke magana a kai ba tare da ka fuskanci kowa ba, idan kuma ya sake kunnawa da la'asar sai ka sauka ka kai ƙara babu nauyi a ranka.

Mazaunin Manchesta ya sake rubutawa:

Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya saka da alheri. Anti, maganarki ta shige ni, domin ban taɓa kallon abin ta fuskar jinkiri ba, ina ta tunanin mutumin na manta cewa Hajiya ce ta biya kuɗin shiruna. Baba, na karanta wa Hajiya abin da ka rubuta, ta ce da ta san haka nake ta faman yi da ita da kanta ta yi masa sallama ta saman shingen, ko da ba ya jin harshenta tarinta zai ji. Akwai kwana 4 da suka rage mana a jirgin bayan ƙarar, kuma ban yi amfani da ko ɗaya na tsaya na yi masa bayani ba, wannan kam ya rage mini. Muna shirin wata tafiyar baɗi idan Allah ya kai mu. Yayana ma'aikaci, wane irin ɗaki za ka ba ni shawara in kama mata?

Tsohon Ma'aikacin Teku ya sake amsawa:

Kafin ka biya komai, ka karanta dokar shan taba ta kamfanin da kanka, domin tana sauyawa kuma ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Ka nemi taswirar jirgin, ka tambaya a wane gefe da wane hawa wurin mashaya yake, sannan ka kama ɗaki a ɗaya gefen, wajen gaban jirgi, tunda idan ana tafiya hayaƙi baya yake yi. Ka guji hawan da ke kusa da gidan caca, saboda warinsa yana bin matakala da lungu. A ranar farko kuma ka gaya wa mai gyaran ɗakin cewa Hajiya tana da fuka, domin shi ne yake shiga duk ɗakunan layin sau ɗaya ko biyu a rana, kuma zai riga kowa sanin inda ake kunnawa.