Abin da muka tsinta a hirarmu kan akwatin Gmail

Daren jiya a majalisa hira ta gangaro kan imel, bayan wani abokinmu ya koka cewa akwatinsa ya cika, saƙonni sun daina shigowa.

Maganar cikar ce ta fi ɗaukar lokaci. Gmail na ba kowa gigabait 15 kyauta, amma tare da Google Drive da Google Photos ake rabon, shi ya sa hotunan biki ke cinye wurin ba ka sani ba. Mai gyaran waya da ke cikinmu ya karɓi wayar, ya rubuta larger:10M a wurin bincike, nan take saƙonni masu nauyi suka jeru. Ya goge tsofaffin, sannan ya shiga kwandon shara ya kwashe, domin abin da ke can yana cin wuri har kwana 30.

Dabarar da ta fi burge ni: idan za ka ba da adireshin imel ɗinka a wani wuri, ka ƙara alamar + da wata kalma bayan sunanka, kafin @, misali +aiki. Saƙon zai faɗo cikin akwatinka, kuma ka gane ta inda adireshinka ya fita.

An kuma ce a shiga saiti a kwamfuta a kai lokacin janye saƙo daƙiƙa 30, saboda ranar da ka tura wa maigida takardar da ba ita ba.

Kan tsaro ba a yi gardama ba. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatar da kai ne, misali da lambar da za a turo maka a waya; wanda ya canza layi kuma ya sabunta lambarsa a asusun tun kafin ya manta kalmar sirri. Lambar da aka turo maka kuwa, ko wa ya kira, kada ka karanta masa.